Ranar da Na Sa Dattawan Riruwai Kwance Layu

Ba zan taɓa mantawa da wata Laraba a Riruwai ba, zamanin mulkin soja, ranar da na zama malamin tauhidi na rabin awa. (Karatuna aji huɗu ne na firamare da izu bakwai, amma ina da rawani, kuma muryata tana da kauri.)

Malam Sabo mai koyar da ajin manya ya kwanta ciwon ƙafa, ya ce in riƙe masa, idan na yi abin kirki ni ne mataimakinsa daga ranar. Ajin kuwa a tsohon siton kamfanin kuza yake. Gefen allo akwai wata ƙofar ƙarfe da aka garƙame tun tafiyar Turawa. Mutanen gari suna cewa a ɗakin da ke bayanta aka shimfiɗe gawarwakin leburorin da rami ya rufta da su.

Bayan la'asar hadari ya haɗo, ɗakin ya yi duhu. Dattawa sun cika benci, manoma da makiyaya. Na rubuta TAUHIDI ɓaro-ɓaro, na juyo na gyara murya.

"Babu mai cutarwa, babu mai amfanarwa sai Allah. Duk mai laya a jikinsa ya kwance ya ɗora a teburin nan."

Aka shiga kwancewa ana gunaguni. Ardo Buba, wani dattijon makiyayi, ya daɗe yana jujjuya tasa.

"Malam, wannan ta kakana ce fa."

"Ajiye, Ardo! Mai tauhidi ba ya tsoron komai."

Yana ajiyewa sai muka ji an ƙwanƙwasa ƙofar ƙarfen. Daga ciki. Sau uku, a hankali.

"Iska ce," na ce. (A waje ko ganye ba ya motsi.)

Na ɗaga murya zan maimaita darasi, aka sake ƙwanƙwasawa. Sannan wani dogon numfashi mai ɗumi ya fito ta ƙarƙashin ƙofar, ya taɓa dugadugaina.

Jama'a, ban san lokacin da na haye taga ba. Sai dai rigata ta maƙale a ƙusa, ta tsage har wuya. Ga ni rabi a waje rabi a aji, ga guru a ƙuguna, ga layu goma suna reto. Ta goman da safen nan na karɓo ta, musamman saboda wannan ɗakin.

Dattawa suka zuba mini ido. Can sai Ardo ya ce, "Malam, a matso maka da teburin ne, ko za ka sauko ka ajiye da kanka?"

Da aka fasa kwaɗon ƙofar da guduma, maraƙin Ardo aka tarar a tsaye cikin duhu yana tuƙa. Kowa ya fashe da dariya, ban da Ardo. Ya dubi tsatsar kwaɗon, ya dubi ɗakin da ba shi da taga ko ɗaya, ya ce da azahar ya bar maraƙin nan ɗaure a ruga. Ya ɗauki layarsa ya rataya ya fita. Kafin ka ce me, teburin ya zama wayam.

Da Malam Sabo ya warke, sati uku ya yi yana gyara ɓarnar da na yi. Ni kuma ya mayar da ni benci. "Zauna kusa da taga," ya ce, "tun da ka san hanya."

Tun daga ranar, kafin in ce wa wani ya kwance nasa, sai na fara laluba ƙuguna. Kuma ba na hawa taga da tsohuwar riga.