Yadda Za Ka Nemi Aiki Ba Tare da Ka Samu Ba

Ranar wata Talata ce a ƙarshen Satumba, rana ta fito ba zafi, hayaƙin gasa tattasai ya lulluɓe garinmu tun daga bakin kogin Morava har kasuwa, kowane gida ana haɗa aivar, wato miyar gasasshen tattasai da ake ɗurawa a kwalba don lokacin sanyi. A ranar ne ofishin neman aiki ya aiko wa Kawu Milutin sammaci, ya aiko mini ni ma. Abin da ya biyo baya shi ya sa na zauna na rubuta maka wannan darasi.

Idan ka bi matakan nan sau da ƙafa, na yi maka alkawari za ka tsufa kana karɓar tallafin marasa aiki, katin asibitinka na nan daram, tafin hannunka kamar na jariri. Ban gama sakandare ba, amma wannan ilimin daga bakin gwani na ɗauko shi. Tun da aka rufe masaƙar garinmu Kawu yake bin layin tallafi, lokacin ni ko famfara ban yi ba.

Mataki na ɗaya: Ka gyara fuska

Je ofis ranar da aka sa maka, kada ka makara. Sa riga wankakkiya wadda ba a goge ba. Wanda ya yi tsaf, a ce ga ma'aikaci ya zo. Wanda ya yi kaca-kaca, a tura shi kwas ɗin koyon kwamfuta. Kai dai tsaya a tsakiya. In ka isa tagar Malama Zorka, mai buga hatimi, sauke ajiyar zuciya kafin gaisuwa. Ga yadda suke yi da Kawu:

"Malam Milutin, an dace kuwa?"

"Ina fa, 'yata. Dubi takalmina, yawo ya cinye shi."

Ba ƙarya ya yi ba. Yawon dai tsakanin gida ne da shagon gahawa.

Mataki na biyu: Kada ka taɓa cewa a'a

Wanda aka tura wurin aiki ya ƙi zuwa, sunansa ake gogewa. Saboda haka duk inda aka ce ka je, ka ce da gudu ma kuwa. Aikinka shi ne ka je, a gan ka, a ƙi ka, a buga maka hatimin "bai dace ba". Ƙi nasu ne, haƙuri naka.

In zuciyarka ta fara raya maka cewa albashi ya fi, tuna da lissafin Kawu: "Cire kuɗin bas, cire burodin rana, cire tallafin da za a yanke. Abin da ya rage kwalin taba ne. To ni a kan kwalin taba zan riga zakara tashi?"

Mataki na uku: Ka zaɓi ciwo ɗaya, ka riƙe shi amana

Baya ya fi, don ba mai leƙa shi. Kada ka haɗa biyu, kwaɗayi mabuɗin wahala. Kawu ya daɗe yana dafe ƙugun hagu, har likita ya daina taɓa shi, gaisawa kawai suke yi. Wani maƙwabcinmu ya shiga ofis yana ɗingisa dama, ya fito yana ɗingisa hagu. Yanzu yana gadin wurin ajiye motoci. Ba ma ambatonsa.

Mataki na huɗu: Ka toshe kunne a gida

Babbar fitina ba a ofis take ba, tana ɗakin girki. Inna Radoika, matar Kawu, ita ke gasa tattasan gidansu, shi kuwa yana kan kujera a inuwa yana ba da umarni.

"Juya wancan, ya fara ƙonewa. A hankali, ba wanki kike yi ba."

"Ranka ya daɗe, sarkin kwance! Bakin dai bai yi ciwon baya ba?"

"Ilimi ba da baya ake ɗaukarsa ba, Radoika."

In an yi maka irin wannan, kada ka tanka fiye da sau ɗaya. Kurɓi gahawarka.

Mataki na biyar: Ranar ganawa, ka fi mai aikin son aikin

Wannan karon wata sabuwar masana'antar aivar aka tura mu, a bayan gari. Mai ita wani matashi ne, Strahinya, ya dawo daga Jamus da farar riga da agogo mai ƙirga taku. Ni aka fara kira. Na kama hannunsa da hannu biyu na ƙi saki.

"Maigida, Allah ne ya haɗa mu! Tun ina yaro nake mafarkin tattasai. Yaushe ake tafiya hutu? In mutum ya faɗa cikin tukunya, nawa ake biyan uwarsa?"

Ko zama ban gama yi ba ya buga mini hatimi. Haka ake yi. Koyi.

Kawu ya shiga dafe da ƙugu, ya ɗauki lokaci yana neman yadda zai zauna, ya kira Strahinya da sunan wani daban har sau biyu. Aiki ya yi kyau. Strahinya ya ɗaga hatimi, sai ya duba ya ga tawada ta bushe.

"Baba, zo mu bi ta ciki, akwai wata a ɗaya ofishin."

Mataki na shida: Kome za a yi, kada ka kalli aikin

Ka ji ni da kyau. Kalli ƙasa, kalli rufi, kalli agogon bango. Kada ka kalli hannun masu aiki.

Muka bi ta cikin zauren, ina biye da su. Ga daro-daro na tattasai an sauke daga wuta, fatar ta yi baƙi, ƙanshi har cikin ƙwaƙwalwa. Sai ga wani ɗan saurayi ya jawo tiyo, ya buɗe famfo, ya saita ruwa a kan gasasshen tattasai.

Na ga wuyan Kawu ya sandare. Na ja hannun rigarsa. "Kawu, bayanka. Tuna da bayanka."

Kawu ya daka wa saurayin tsawa: "Kai! Kai ɗan wane gida ne?"

Strahinya ya yi murmushi. "Baba, da ruwa fatar ta fi saurin fita. Kuma ya fi tsabta. A Jamus..."

"A Jamus kabeji suke ci! Wa ya taɓa wanke gasasshen tattasai? Hayaƙin da zaƙin duk ka tura su kwata, me ya rage a kwalbar? Jan fenti? Da kakarka na raye da muciya za ta bi ka!"

Mutumin da a gida sai an miƙo masa cokalin da ya faɗi, shi ne ya tsallake daro biyu, ya fizge tiyo, ya murɗe famfo. Ya sa aka rufe tattasan da murfi don ya yi gumi. Ya naɗe hannun riga ya ɓare guda da yatsu uku, fatar ta saluɓe kamar safa. Ya ɗaga buhu cike da ɓararren tattasai ya rataye a ƙugiya, ya ce a bar shi ya tsane har gobe. Matan da ke aiki a wurin suka hau tafi, wata tsohuwa har da share hawaye.

Sai da ya tsaya yana haki ya tuna. Ya kai hannu ƙugu a hankali. Ƙugun dama.

Strahinya ya mayar da hatimi aljihu. "Baba, gobe da safe. Kai ne shugaban zauren nan."

"Ɗana, ni fa ba ni da lafiya."

"Na gani."

Mataki na bakwai: In ta faru, ta faru

Babu magani. In ya ƙi, a goge sunansa. In ya karɓa, a goge sunansa. Inna Radoika ta goge masa riga tana waƙa.

Yanzu ya fi wata yana can. Yana dawowa da yatsu jawur, yana zagin kowa tun daga ƙofa, kuma abin takaicin, ya yi ƙiba. Shekaranjiya ya same ni a shagon gahawa, ko zama bai yi ba.

"Ɗan nan, hannu ya yi mana kaɗan. Na ba Zorka sunanka."

"Kawu, ai ni an buga mini bai dace ba."

"Wancan yaron ne ya buga. Yanzu hatimin yana aljihuna."

Na dafe ƙugu.

"Sauke hannunka," in ji shi. "Ni na koya maka."

Gargaɗi

Marubucin wannan darasi ba shi da hannu a duk abin da ya same ka. In an ɗauke ka aiki, kai ka kalla. In an goge sunanka, kada ka zo gidanmu, uwata ba ta san na iya rubutu haka ba. Alkawarin da na yi a sama yana nan, sai dai ba ya aiki a kan wanda ya iya wani abu, ko wanda yake da kawu.

Asarar da aka yi kuwa ga ta: tallafi ɗaya, ciwon baya ɗaya mai tsohon tarihi, barcin hantsi, abokin karta na huɗu wanda har yau ba a samu madadinsa ba, da daro guda na tattasai da ruwa ya riga ya taɓa, Kawu ya sa aka zubar. Sai kuma ni, daga ranar Litinin.