Akawu Ba Ya Aiki Sai da Kwafi

"Lafiya lau muka tashi, Tsoho, amma ba gaisuwa ta kawo ni ba. Matsa min."

"Ji mara kunya! Mace ta shigo ɗakin mijinta ko ɗan rusunawa babu?"

Tela ce, jikar Akawu, ta faɗo masa ɗaki da ƙarfe sha ɗaya da kwata, tef ɗin awo rataye a wuya, filashin kwamfuta mai ɗauke da hotunanta a hannu. Wani babban kanti ne ya ce a turo hotunan ɗinki kafin sha biyu, a ciki za su zaɓi wanda zai riƙa ɗinka musu kaya. Sharaɗin dai a rage wa kowane hoto girma, in ba haka ba shafinsu ba ya karɓa. Hotuna ɗari biyu gare ta. Tun safe take bin su ɗaya bayan ɗaya, tana kan na sha bakwai kwamfutarta ta sandare.

Shi kuwa Akawu, shekara talatin da biyar ya yi yana buga keken rubutu a ofis. Da ya yi ritaya aka ba shi wata tsohuwar kwamfuta mai manhajar Linux, ya ce shi ba ruwansa da danne-dannen hotuna, sai baƙar tagar nan da ake rubuta wa na'ura umarni.

"Yau kuma ni ake nema, Amarya? Ba ke kika ce kwamfutata ta girmi babanki ba?"

"Har yanzu ina kan bakana. In an kunna ta sai ta yi tari sau uku, kamar mai ita."

"To tafi wurin mai lafiya."

"Haba angona, farin wata sha kallo, mai haƙora huɗu kamar na dubu!"

"Biyar ne. Kawo filashin."

Ya soka shi, ya gyara zaman tabarau, ya buga wasu 'yan haruffa. Sunayen hotuna suka zubo fari a kan baƙi. Tela ta leƙa ta kafaɗarsa.

"Ina hotunan? Ni rubutu kawai nake gani."

"Makiyayi ba sai ya shafa kowace akuya yake sanin garkensa ba. Layi ɗaya zan rubuta, duk su rage tare."

"To rubuta mana!"

"Sai na yi kwafi tukuna."

Ya buga cp, umarnin yin kwafi, ya koma ya jingina, ya harɗe hannuwa yana jira. Tela ta dubi agogon bango.

"Tsoho, sha ɗaya da rabi fa! Kwafin me kuma?"

"Umarnin da zan ba ta a kan hoton yake aiki, ba ya barin na asali. Ni kuma tunda nake ban taɓa buga wasiƙa ba takardar kabon a ƙasa ba."

"Zamanin kabon ya wuce, an binne shi tare da gashin kanka."

"Ke in za ki yanka yadin mutane, ba kya aunawa sau biyu?"

"Ni idona ma'auni ne."

"Shi ya sa rigar da kika ɗinka min hannu ɗaya ya fi ɗaya tsawo."

"Hannunka ne ba daidai ba!"

Kwafi ya gama. Akawu ya tattare hannun riga, ya shiga dukan maɓallai da yatsu biyu kamar mai jin haushinsu, ya kammala layinsa, ya danna. Kafin Tela ta haɗiye yawu, aiki ya ƙare.

"Ɗari biyu cif. Abin da babba ya hango..."

"Buɗe mu gani tukuna."

Ya buɗe na farko. Doguwar rigar da ta kwashe mako guda tana yi wa aiki a wuya ta fito 'yar mitsitsiya kamar kan sarkin wasiƙa. Na biyu ma haka. Na uku ko ƙuda ya fi shi girma.

"Wayyo Allah! Tsoho ka kashe ni! Kayan tururuwa zan ce musu ina ɗinkawa?"

Akawu ya kai hancinsa jikin allo. Hamsin cikin ɗari ya yi niyyar rubutawa, sifirin ya maƙale, ya tafi a biyar.

"Maɓallin ne ya yi gardama."

"Maɓalli ko ido? Wai abin da babba ya hango! Sifiri ma ba ka hango ba!"

Tana faɗa tana dariyar yaƙe. Hotunan wayarta ta goge su jiya don samun wuri, waɗannan kaɗai suka rage mata. Agogo ya nuna sha biyu saura kwata.

Akawu ya yi gyaran murya, a hankali, irin na wanda ya san yana da abin faɗa.

"Me kika ce ɗazu an binne?"

Tela ta dubi allon. Sai idonta ya buɗe.

"Kwafin!"

"A'a, ai zamaninsa ya wuce."

"Bai wuce ba! Wallahi yanzu ma yake tashe!"

Ya sake yin wani kwafin daga kwafin, wannan karon ita ma ta harɗe hannuwa tana jira. Ya rubuta layin, ita ta ɗora yatsa a allo ta karanta da ƙarfi: "Biyar, sifiri." Ya danna. Riguna suka fito tsaf, har zaren wuya ana gani. Saura minti huɗu shafin kantin ya nuna ya karɓa.

Ta zube a kan tabarma tana sauke numfashi.

"Na sallama, Tsoho. Gobe zan ɗinka maka riga, hannuwa daidai."

"Guda biyu."

"Biyu kuma?"

"Ɗaya kwafi. Na san aikinki."

Ta kwashe da dariya, ta zare tef daga wuya. "Miƙo hannun, sau biyu zan auna."