Ciyawar da Na Tuge a Lambun Surukina

Laifina ne, ba na ɗora wa kowa. Wata Asabar na rufe shagona a Makarfi, na tafi lambun surukina a Likoro don in miƙe ƙafa kawai. Ba wanda ya sa ni aiki.

Ina zagayawa sai na ga wani fangali cike da siririyar ciyawa, koriya shar. Na ce a raina, tsufa ya kama Baba. Na tsuguna na tuge ta tas, na zuba wa tumakin da ke ɗaure a gindin mangwaro. Warin da ya kama hannuna ma bai sa na tsaya ba. Har godiya nake jira.

Da Baba ya iso, ya daɗe yana kallon fangalin.

"Malam, irin albasa ne," ya ce a hankali. "Jibi za mu dasa."

Na waiwaya, tumakin sun gama cinyewa. Bai yi faɗa ba, da ma ya yi. A waccan shekarar bai girbi albasa ko ɗaya ba.

Har yau in ƙannen matata suka hango ni, sai su ɗaga murya: "Baba, a rufe lambu, Sarkin Noma ya iso!"