Hangara a Cikin Hula

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na fara zuwa gaida mahaifin matata a Mashi ba. Lokacin Shari'a ba ta daɗe da zuwa ba, ina koyar da kimiyya a Daura, kuma ƙwari sun shiga raina fiye da kima.

A hanya na tsayar da babur gefen wata gona, sai na hango hangara, ƙwaron nan da ruwansa ke tashin fata. Wannan baƙa ce wuluk, mai sheƙi da ƙaton ciki, irin da sai a littafi nake gani. Na rasa inda zan sa ta, sai na yi abin da ɗan ƙauye ke yi da goronsa: na jefa ta cikin hula na kifa a kaina (kan da aka aske ƙwal da safiyar ranar).

A zaure na durƙusa gaban Malam, dattijon da ba ya son wargi, wanda amincewarsa kaɗai nake jira. Muna cikin gaisuwa kaina ya ɗau zafi. Cire hula gaban suruki? Ina! Na daure, ina zufa, ina karkaɗa kai, idanuna sun yi jawur.

Malam ya matso ya shinshina ni.

"Yaro, ka sha wani abu ne?"

Dole na cire hular. Hangara ta faɗo kan buzunsa ta kama tafiya a natse.

Maimakon in yi shiru, sai malanta ta motsa. Na ce, "Baba, halittar nan abin mamaki ce. 'Ya'yanta kan hau fure su jira wani ƙudan zuma mai zama shi kaɗai a rami. Da ya sauka sai su maƙale masa, ya kai su gidansa da kansa, su cinye abincin da ya tara wa 'ya'yansa."

Har yau ina ganin hikimar Allah a cikin wannan dabara. Malam kuwa ya dube ni ya dubi ƙwaron.

"To, wadda ka fi sha'awa ke nan? Allah ya sa ba darasi kake ɗauka ba."

Sai da kawuna ya yi sawu biyu kafin aka ba ni auren. Kaina ya yi bororo, na yi kwanaki ba hula. Ina nan ina son hangara, amma yanzu a gona nake barinta, ita da labarinta.