Ranar da Na Canza wa Fayil Suna

A gidanmu na Palladan ni ake kira idan waya ta ƙi aiki. Shi ya sa da ƙanwata Ladi ta ce shafin neman aikin jinya ba ya karɓar takardunta sai a PDF, ko zama ban yi ba. Na goge "docx" da ke ƙarshen sunan fayil ɗin, na rubuta "pdf". Kwamfuta ta tambaye ni ko na tabbata, na danna eh ina murmushi.

Ƙarfe huɗu za a rufe shafin. Ƙarfe uku ta yi, fayil ya ƙi buɗuwa, shafin ma ya ƙi karɓa. Na gwada sau biyar, Ladi na tsaye a bayana tana addu'a ƙasa-ƙasa. Shekara biyu ta yi tana jiran wannan damar.

Muka hau acaɓa zuwa Samaru, wurin Madam Rahila mai shagon buga takardu. Ta duba, ta ce, "Wa ya taɓa wannan?"

Na ce, "Ƙila kwamfutar ce ta lalace." Ladi ta nuna ni da yatsa.

Madam ta ce, "Malam, haruffan nan gaya wa kwamfuta suke yi da me za ta buɗe fayil, ba sa canza abin da ke ciki. Kwalbar manja ka rubuta wa zuma." Ta mayar da sunan, ta juya fayil ɗin zuwa PDF yadda ya kamata, saura minti bakwai muka tura.

Ladi ta samu aikin. Ni kuwa har yau in Mama ta miƙo min tuwo sai ta ce, "Ungo, canza masa suna ya zama shinkafa da kaza."