Sule Ukun Ranar Hutu

Ko tsufa zai kwashe min komai, ba zan taɓa mantawa da ranar da na miƙe a tsakiyar gidan abinci a Minna ina kare haƙƙin talaka ba. Kuma tun kafin ku ji yadda ta ƙare, ku sani har gobe ina nan kan bakana: duk wanda ya rubuta farashi, ya bari ka ci ka wanke hannu, sannan ya ce akwai ƙarin kuɗi saboda yau hutu ne, wallahi zalunci ya yi. Albashina yana ƙaruwa ne ranar hutu?

Farkon shekarun tamanin ne. Ina ƙaramin akawu mai buga tafireta a wata ma'aikatar jiha, ina hayar ɗaki ɗaya a Barkin Sale. Wanda ya kai ni wannan matsayi shi ne Kawu Mamman, yayan mahaifiyata, manomi a Wushishi. Shi ya sayar da ɗaya daga cikin shanun huɗarsa biyu ya biya min makarantar koyon tafireta, dangi suna ta surutu wai ya zubar da sa guda a kan ƙwanƙwasa ƙarfe. Shekara uku yana shan wannan gori. Sai ya aiko cewa zai zo ranar hutun ɗaya ga Oktoba, ya ga da idonsa abin da sansa ya zama.

To ofis a rufe yake ranar hutu, me zan nuna masa? Sai na tuna da gidan abincin Mama Ladi, can kusa da tashar jirgin ƙasa. Wata guda kafin nan ta ba ni wata takarda da mijinta, ma'aikacin reluwe, ya rubuta da hannu kafin ya tafi aiki wani gari, ta ce in buga mata farashin abincinta. Na buga shi tsaf, na ja layi da jan zare na tafireta, na mayar mata har da ta hannun, ta manna tawa a bango. (Ita ba ta karatun boko, sai dai ta kalli takardar ta ce, "Kai, ya yi kyau!") Ke nan aikina yana rataye a bainar jama'a, sai in kai Kawu ya gani.

Na sha guga, na ɗaura agogon da na saya da albashina na farko, na tari Kawu a tashar mota. Tsakanin tasha da gidan abincin na duba agogon nan ya fi sau goma, ba don ina sauri ba. Muna shiga na ja shi gaban bango.

"Kawu, ka ga wannan? Hannuna ne."

Ya matso, ya ƙura ido, ya shafa takardar da yatsa. "Duk kai ka jera su haka? Babu wanda ya karkace?"

"Ko ɗaya, Kawu. Mu a aikinmu ba ma kuskure."

Na faɗa da ƙarfi yadda mutanen da ke cin abinci za su ji, kuma sun ji. Muka zauna, na sa aka kawo sakwara da miyar agushi faranti biyu, nama bibbiyu. Na riga na yi lissafina tun a gida, kuɗin da ke aljihuna daidai yake da abin da ke bango, ko kwabo babu a kai.

Da muka wanke hannu na miƙa kuɗin. Mama Ladi ta ƙirga, ta ce, "Malam Akawu, saura sule shida. Kuɗin hutu, kowane faranti sule uku."

Raina ya ɓaci. Sule shida, wato kwabo sittin, ba ni da su, ga Kawu yana kallo. Amma ba rashin kuɗin ne kaɗai ya tunzura ni ba, gaskiya ce a hannuna, kuma na san gaskiya ce. Na miƙe.

"Kuɗin hutu? A ina aka rubuta? Mama, mutum yana da haƙƙin ya san abin da zai biya kafin ya sa loma a baki! Da kin faɗa tun a ƙofa, mai so ya shiga, wanda ba ya so ya koma gida ya sha gari. Amma sai abinci ya shiga ciki, inda ba a iya dawo da shi?"

Wani direban tifa da ke kusurwa ya buga tebur. "Faɗa mata, Malam! Ni ma yanzu ta karɓe min!" Wasu malaman makaranta biyu suka ce su ma ba za su biya ba. Kafin ka ce me, gidan ya goyi bayana. Na saci kallon Kawu, na ga yana gyaɗa kai, sai na ƙara wuta. Na ce wannan cuta ce, na ce ranar 'yanci guda ake yi wa talaka fashi da faranti. (Wannan jimlar ta burge ni sosai, har na maimaita ta.)

Mama Ladi ta kusa kuka. "Ni ban cuci kowa ba! Ranar hutu masu tuƙa min sai na ƙara musu, nama ma ya tashi a kasuwa. Shi ya sa na ce a rubuta. Yana nan a bango!"

"Babu! Ni na buga takardar nan, na san kowane harafi. Abin da aka ba ni shi na buga!"

Ta juya ta buɗe gwangwanin da take ajiye kuɗi, ta zaro takardar mijinta a ninke, ta miƙa wa ɗaya daga cikin malaman. Ya karanta daga sama har ƙasa, ya ce babu. Na buɗe baki zan yi jawabin nasara, sai na ga ya juya takardar.

A bayanta, da manyan baƙaƙe, har da layi biyu a ƙasa: ranar hutu akwai ƙarin sule uku a kowane faranti, a sa wannan a sama yadda kowa zai gani.

Ban taɓa juya takardar nan ba. A ofis an saba kawo mana rubutu a fuska ɗaya, ka ɗora a gefe, ido a takarda, yatsu suna aiki, ka kai ƙasa ka zare. Malamin ya karanta da ƙarfi, sau biyu, na biyun a hankali. Direban tifa ya ce, "Au, ashe ɓarawon ma shi ne lauyan!" Aka kwashe da dariya, ni kuwa na rasa inda zan sa fuskata.

Kawu ne ya raba gardamar, bai ko ɗaga murya ba. Ya ce mutanen nan ba a faɗa musu ba, don haka ba su da abin biya. Ita ma baiwar Allah ta yi niyyar faɗa, bai kamata ta yi asara ba. "To saura wa?" Duk aka juyo aka kalle ni. Faranti goma sha bakwai ta sayar tun safe, kuɗin hutunsu duka ya dawo kaina. Na kwance agogon nan na ajiye mata jingina zuwa ƙarshen wata.

Muna kan hanyar komawa tasha, sai Kawu ya ce min: "San nan da na sayar, idan ya kai ƙarshen kunya, ba sai an ce masa komai ba, da kansa yake juyawa ya kama ta gaba."

Na ce, "Haka ne, Kawu."

Sai da ya shiga mota na ga yana gyara wani abu a aljihun gaba. Takardata ce, ashe ya roƙi Mama Ladi ta ɓamɓaro masa daga bango. Ya ga na gani, ya ce, "Gaban dai ya yi kyau. Shi zan nuna musu a gida." Wannan ta fi dariyar direban tifa yi min ciwo.

Washegari na sake buga wa Mama Ladi takarda kyauta, sule ukun nan a can sama da jan zare. Har yau idan aka yi min ƙarin da ba a rubuta ba, sai inda ƙarfina ya ƙare, don haƙƙina ne. Sai dai kafin in miƙe in fara jawabi, nakan ce a miƙo min takardar, in juya bayanta tukuna.