Ƙwan da Na Ƙona a Gummi

Ni dai har gobe ina cewa duk mace mai kishin gidansu abin da na yi za ta yi.

Da kaka ne, an gama yankan gero. Na zagaya bayan gida, sai ga sabon rami, an kafa kara da jan ƙyalle, a ciki kuma farin ƙwai mai zanzana. Ni za a gaya wa asiri?

Na kwaso shi da ludayi, na sa a turmi. Taɓarya ɗaya, ya yi tsalle ya haye zana! Nan na tabbata. Inna tana ta salati, ni kuwa na bi shi, na kamo, na jefa a murhu. Wani wari ya turnuƙe, na rangaɗa guɗa, maƙwabta suna ta sa mini albarka.

Sai ga ƙanena Mamman, wanda ya yi aikin ɗaukar wa manya jakar wasan golf a Kaduna, wasan buga ɗan ƙwallo da sanda zuwa rami, ya jawo abokansa shaida.

"Yaya, ina ƙwallona? Ramin ga bugu huɗu ne ƙa'ida, shi a ka kira 'fa'. In uku ne, 'badi'. Ni da bugu guda na saka! Wani Bature har ya tsufa bai yi ba!"

Na nuna murhu, na ce, "Mi? Wanga mai wari?"

Abokan suka leƙa rami, wayam. Ba wanda ya yarda da shi, kuma ƙwallon ke nan guda.

Har yau kaza ta yi ƙwai a gidan nan, sai Mamman ya ɗaga murya: "Ku ɓoye shi, ga Sarkin Yaƙi nan da taɓarya!"